Fuskar da ke cikin salula ba ta kowa ba ce

Masu sayar da kayan kwalliya a Turai da Amurka sun daɗe da gano cewa macen da ta gamsu da halittarta ba ta yawan ciniki. Shi ya sa talla take fara nuna mata aibi a jikinta, sannan ta miƙo mata magani da farashinsa. Hoton da ake nuna mata kuwa an riga an bi shi da kwamfuta, an share ƙuraje, an matse ƙugu. Abin ya yi ƙamari har Faransa ta fara aiki da wata doka a 2017: duk hoton tallan da aka sauya surar jikin mai shi, dole a rubuta haka a kansa. A 2021 kuma wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fito da takardun da suka nuna kamfanin ya san Instagram na sa wasu ƴan mata ƙin jikinsu.

A da, wannan labarin nesa ne. Yanzu ɗan cin rani ya dawo daga Abijan ko Libiya da tsarabar salula, sai ga yarinya a garin Tebaram tana kallon TikTok ɗin da ta birnin Paris take kallo. Wata salular ma da kanta take wanke fuskar mutum kafin ya ga hoton.

Sai dai abin da ake nema ya bambanta. Can siranta ake yayi, nan kuwa hasken fata da cikar jiki. Son ƙiba ba baƙo ba ne a wurinmu; Larabawan Azawak, maƙwabtanmu na arewa, sun daɗe suna ɗura wa ƴan matansu madara da kunu. Sabon abu shi ne gaggawa, da ƙwaya, da man da ba a san abin da ke cikinsa ba.

Yawancin man bilicin na ɗauke da hydroquinone, ko sinadarin makuri, ko magani mai ƙarfi irin clobetasol wanda likita ne ya kamata ya rubuta shi. Watannin farko fuska ta yi fes. Daga baya fata ta yi laushin da ba na lafiya ba, nankarwa ta fito, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi, rauni ya ƙi warkewa da wuri. Launin da ake kankarewa shi ne garkuwar fata daga rana, kuma kowa ya san ranar ƙasarmu ta Adar a lokacin bazara. Makuri kuwa ƙoda yake ci a ɓoye. Ƙwayar ƙiba da ake kira sha-ka-fashe sau da yawa dexamethasone ce: fuska ta kumbura a ɗauka ƙoshi ne, alhali hawan jini da ciwon suga take janyowa. Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayukan tun 2015, hukumar NAFDAC ta Najeriya ma ta kira bilicin matsalar gaggawa a 2023, amma kasuwa ba ta mutu ba.

Ba za ta mutu ba muddin samari na cewa sai fara za su aura, uwar miji kuma tana duban amarya tana cewa ba ta yi jiki ba. Laifin da ake jibga wa ƴan mata, rabinsa namu ne.

Iyaye mata, ku duba kwalbar da ke ɗakin ɗiyarku. In fatarta ta fara sauyawa, ko tana shan ƙwayar ƙiba, kada a yanke mata ita rana ɗaya, don hakan ma haɗari ne. A kai ta asibiti likita ya rage mata sannu a hankali.