Bikin kabewa a Jamus: ki je da yara, ki dawo da ta miya

Uwargida, a kasuwanninmu kabewa ba ta da wani kwarjini. Mai kayan miya zai yanko miki ɓari guda, ki haɗa da alayyahu da yakuwa, ki yi gaba. To akwai garin da duk shekara ake shirya mata biki na sama da wata biyu a lambun fadar sarauta, mutane su biya kuɗin shiga, su bi layi don kawai su kalle ta. Garin shi ne Ludwigsburg, a kudancin Jamus, tafiyar kamar minti 15 a jirgin ƙasa daga birnin Stuttgart.

Idan kina zaune a Turai ko Amurka, ko tafiya ta kai ki can tsakanin Satumba da Nuwamba, za ki tarar da irin wannan biki, babba ko ƙarami, a lambun shaƙatawa na unguwa ko a wata gona a bayan gari. Wataƙila ma yara sun riga sun dawo daga makaranta suna nacin a kai su, ke kuma kina ɗari-ɗari, ba ki san me ake yi a wurin ba. Shawara ita ce ki kai su. Amma ki tafi da niyyar dawowa da kabewar da za ta shiga tukunya, domin a nan ne yaro zai gane cewa abin da ya ga ana ta ɗauka a hoto shi ne dai wanda yake ture wa a cikin miyar taushe.

Me ake gani a wurin?

A ƙasashen nan watannin da ganye ke komawa ja da rawaya yana zubewa su ne kakarsu, lokacin girbi, kamar yadda tamu kakar take zuwa bayan damina. Bikin kabewa nunin amfanin gona ne. Na Ludwigsburg an fara shi a shekarar 2000, a lambun da ake kira Blühendes Barock, wanda ya kewaye fadar da aka soma ginawa a 1704. Ana buɗe shi a ƙarshen Agusta, ya ci gaba har sanyi ya fara kankama. Ana jibge kabewa wajen 450,000, iri-iri sama da 600: akwai fara, akwai kore mai zane, akwai mai launin toka, akwai doguwa mai wuya kamar gora, akwai wadda ba ta wuce lemo ba.

Abin da ya fi jan hankalin yara shi ne manyan siffofin da ake haɗawa. Ana yin firam, a bi shi da ƙananan kabewa ɗaya bayan ɗaya har siffa ta fito, wata ta fi mutum tsawo nesa ba kusa ba. Kowace shekara da jigonta. An taɓa yin na halittun teku, an yi na namun daji.

Akwai kuma tseren da ba a mantawa da shi. Ana rarake ƙatuwar kabewa, babban mutum ya shiga ciki ya zauna, ya riƙa tuƙa ta da filafili a tafkin da ke gaban fadar kamar kwalekwale. Wasu su kai gaci, wasu ta kife da su, 'yan kallo su yi ta shewa.

Kabewar da ta fi tan guda

A watan Oktoba ake gasar awo, manoma daga ƙasashen Turai su kawo nasu a ɗora a sikeli da injin ɗaga kaya. A wannan lambun ne a 2016 wani manomi ɗan Beljiyam, Mathias Willemijns, ya kawo kabewa mai nauyin kilo 1,190, wadda a lokacin babu kamarta a duniya. A 2023 kuma Travis Gienger ya kai wata mai kilo 1,247 gasar Half Moon Bay a jihar Kalifoniya ta Amurka. Ki kwatanta wa yaro da buhun shinkafa mai kilo 50: kusan buhu 25 ke nan a kabewa ɗaya.

Idan ya tambaye ki yadda aka yi ta kai haka, ga amsa. Iri ne na musamman, Atlantic Giant, wanda wani manomi ɗan Kanada, Howard Dill, ya yi shekaru yana zaɓe yana inganta shi. Manomin yakan tsinke sauran 'ya'yan ya bar ɗaya tak a jikin yaɗon, don duk abincin shukar ya tafi gare ta, ya yi ta ba ta ruwa da taki. A tsakiyar girmanta tana iya ƙara sama da kilo 15 a rana. Sai dai irin wannan ba ta miya ba ce, ruwa ya yi mata yawa, ɗanɗanonta salam. A ƙarshen bikin ana farfasa manyan a gaban jama'a, masu sha'awar nomanta su nemi 'ya'yan don shuka ta baɗi.

Wani abin da za ki iya faɗa masa a hanya: asalin kabewa nahiyar Amurka ne. A ƙasar Meziko aka fara nomanta, kimanin shekara 10,000 da suka wuce. Daga can ta bazu, ta isa Turai, ta iso gare mu. Bajamushen da ke shan romonta da Bahaushiyar da ke dama ta da gyaɗa duk baƙuwa ɗaya suka karɓa.

Batun Halloween fa?

Iyaye da yawa a nan suke tsayawa. Gaskiya ne ana sassaƙa fuska a jikin kabewa a sa kyandir a ciki don daren 31 ga Oktoba, kuma idan ranar ta matso za ki ga irin waɗannan fuskoki a shaguna da wuraren biki. Idan ba kya son yaranki su shiga wannan, ki je a Satumba ko farkon Oktoba, da rana. A lokacin abin da ya cika wurin shi ne nunin iri, da abinci, da wasannin yara.

Shiri kafin fita

Ki duba ranaku da kuɗin shiga na wannan shekarar tun daga gida, domin suna sauyawa. Asabar da Lahadi cunkoso ya fi yawa, musamman ranar gasa, don haka ki isa da wuri. Ki rubuta lambar wayarki a takarda ki sa a aljihun kowane ƙaramin yaro, ki nuna wa manyan inda za a haɗu idan an rabu. Wurin akwai tafki, kada ki saki hannun mai tatata.

Safiya akwai sanyi, rana ta ɗan yi ɗumi, ruwa kuma yana iya saukowa ba sallama. Ki sa musu kaya bisa kaya yadda za a iya cire na sama, da takalmi rufaffe. Daga Lahadin ƙarshe ta Oktoba ana mayar da agogo baya da awa ɗaya, rana ta riƙa faɗuwa wajen ƙarfe 5, azahar da la'asar su matso kusa da juna. Ki sa ƙaramar darduma a jaka.

Wajen abinci ki buɗe ido. Romon kabewa da gasassun 'ya'yanta galibi ba matsala, amma ki tambaya ko da ruwan nama aka yi romon. Idan kin ga Schwein, ko Speck, ko Schinken a jikin allo, naman alade ne. Abin sha mai kumfa da aka rubuta Sekt ko Secco giya ce, ko da da kabewa aka yi ta. Yaron da bai kai shekara 4 ba kada a ba shi 'ya'yan kabewa ɗungurungum, suna iya shaƙe shi.

Ba kowace kabewa ake ci ba

Wannan shi ne abin da ya fi komai muhimmanci. Ƙananan nan masu ƙuraje da launi mai ɗaukar ido, waɗanda yara suke fara miƙa wa hannu, na ado ne. Jamusawa suna kiransu Zierkürbis, na ci kuma Speisekürbis. Na adon suna ɗauke da wani sinadari mai ɗaci, kukubitasin, wanda ke jawo amai da gudawa da murɗawar ciki. Shi ne dai ɗacin da kika sani a duma. Dahuwa ba ta kashe shi. A 2015 wani dattijo a garin Heidenheim, a wannan jihar ta Jamus, ya rasu bayan ya ci abincin da aka yi da zukini mai ɗaci, wato dangin kabewa, wanda aka noma a lambun gida.

Don haka ki saba da wannan: kafin ki zuba kowace kabewa a tukunya, ki gutsuri ɗanye kaɗan ki ɗanɗana. Idan kin ji ɗaci, ki tofar, ki jefar da ita gaba ɗaya, kada ki ce gishiri da yaji za su rufe. Wannan ya shafi har ke da kike gida Najeriya ko Nijar, musamman idan kabewar da kanta ta fito a bayan ɗaki. Idan kuma yaro ya sayi ta ado, a ajiye ta inda ƙaninsa ba zai kai baki ba.

Wacce za ki saya?

Hokkaido, jar nan mai siffar albasa, ba sai an fere ta ba, ɓawonta yana narkewa a dahuwa, kuma tana kaurara miya. Butternut, mai dogon wuya, tana da zaƙi da laushi, ta dace da jaririn da ya cika wata 6 ya fara cin abinci: ki dafa ki murje kawai. Muskat, babbar nan mai tsagi-tsagi, ana sayar da ita yanka-yanka kamar yadda muka saba. Launin ruwan lemon da ke cikinsu alama ce ta sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai amfani ga ido da garkuwar jikin yaro. Ki zaɓi mai nauyi a hannu, mai taurin ɓawo, wadda hancinta bai cire ba. Irin wannan tana yin makonni a wuri mai sanyi ba ta lalace ba.

Ki bar yaro ya zaɓa da kansa cikin na ci, ya rungumo ta har gida. Washegari ki ba shi cokali ya kwashe 'ya'yan, ku wanke ku gasa da ɗan gishiri. Ke kuma ki ɗora nama da albasa, ki zuba kabewar ta dahu har ta farfashe, ki sa jajjagen tattasai da attaruhu, da daddawa, da niƙaƙƙiyar gyaɗa, alayyahu ya zo a ƙarshe. Idan babu yakuwa a inda kike, ɗan ruwan tsamiya ko lemon tsami zai ba ki tsamin. Idan gyaɗar kwalba za ki sa, ki duba wadda ba sukari. Ki soya waina, ki zuba masa, ki ce masa kabewarsa ce. Yaro ba ya cika ƙin abin da ya ɗauko da hannunsa.

Ke da kike gida kuwa, ba sai kin nemi biza ba. Kakar nan ki ɗauki yara zuwa kasuwa ranar da aka sauke kabewa, su ɗaga, su ƙwanƙwasa, su yi cinikin da bakinsu. Ki ajiye 'ya'ya kaɗan su bushe, idan damina ta sauka kowa ya shuka tasa a gefen katanga, a ga ta wa za ta fi girma.