Kashi 10 cikin ɗari a shekara: me tarihin S&P 500 yake faɗa da gaske?

Duk wanda ya ɗan leƙa harkar zuba jari a intanet ya ci karo da wannan maganar: ka sa kuɗinka a asusun da ke bin S&P 500, ka manta da su, za su riƙa ƙaruwa da kashi 10 cikin ɗari duk shekara. Maganar tana da tushe, amma yadda ake faɗinta yakan sa mutum ya ɗauka tamkar albashi ne da ke shigowa a kan kari. Bari mu duba daga ina alƙaluman suka fito, da abin da suke ɓoyewa.

Mene ne S&P 500?

Ma'auni ne da ke bin farashin hannun jarin manyan kamfanoni kusan 500 na Amurka, irin su Apple da Microsoft da Coca-Cola. An fara shi a siffarsa ta yanzu a 1957, amma wanda ya gabace shi, mai kamfanoni 90, ya faro tun 1926, shi ya sa masu bincike ke lissafi daga wannan shekarar. Kowane kamfani yana da nauyi daidai da darajarsa a kasuwa, wato babba ya fi ƙarami tasiri.

Ba a sayen ma'auni kai tsaye. Abin da ake saya shi ne asusun da ke tara kuɗin mutane ya sayi hannun jarin duk kamfanonin da ke cikin ma'aunin, ba tare da zaɓe ba. John Bogle, wanda ya kafa Vanguard, shi ya buɗe irin wannan asusun na farko ga talakawan masu zuba jari a 1976. Ya yi fatan tara dala miliyan 150, ya samu kusan miliyan 11, har aka riƙa yi masa dariya.

Daga ina kashi 10 ɗin ya fito?

Daga 1926 zuwa yau, matsakaicin ribar shekara ya kai kusan kashi 10 cikin ɗari, da sharaɗi biyu. Na farko, sai in ka riƙa mayar da ribar da kamfanoni ke raba wa masu hannun jari cikin asusun maimakon ka kashe ta. Na biyu, ba a cire hauhawar farashi ba. In aka cire, abin da ya rage kusan kashi 7 ne, kuma wannan ne ainihin ƙarin abin da kuɗinka za su iya saya.

Kashi 7 ba ƙaramin abu ba ne, saboda riba tana hawa kan riba. Akwai dabara mai sauƙi: raba 72 da yawan ribar, ka samu shekarun da kuɗi za su ninka. 72 a raba da 7, kusan shekara 10 ke nan. Dala 1,000 a kan kashi 7 tana zama kusan dala 7,600 a shekara 30. In mai kula da asusu yana cire kashi 1 duk shekara a matsayin ladansa, sai ta tsaya a kusan 5,700. Ka ga kashi ɗayan nan da ake rainawa ya cinye kusan rubu'in abin da za ka samu.

Matsakaici ba alkawari ba ne

To, a nan ne gizo ke saƙar. Da wuya a samu shekarar da kasuwar ta ba da kashi 10 daidai. A 2008 ta faɗi da kashi 37. Daga Oktoba 2007 zuwa Maris 2009 ta zubar da fiye da rabin darajarta, kuma farashin bai koma inda yake ba sai 2013. A farkon korona, 2020, ta faɗi da kusan kashi 34 cikin kimanin wata guda. Wanda ya zuba kuɗi a farkon 2000 ya duba a ƙarshen 2009 ya tarar da ƙasa da abin da ya sa, ko da an haɗa da ribar da aka raba masa. Shekara goma cur.

Kuma lissafin faɗuwa yana da mugunta. In kuɗinka suka ragu da rabi, sai sun ninka kafin ka dawo inda ka fara. Wanda ya tsorata ya sayar a Maris 2009, ko kuma buƙata ta tilasta masa, asararsa ta tabbata. Ribar da tarihi ke nunawa ta waɗanda suka iya jurewa ce.

Me ya sa sayen duka ya fi zaɓe?

Wani masanin harkar kuɗi, Hendrik Bessembinder, ya duba hannayen jarin Amurka daga 1926 zuwa 2016. Ya gano cewa kusan kashi 4 cikin ɗari na kamfanonin ne suka samar da duk ƙarin dukiyar da kasuwar ta yi sama da takardun bashin gwamnati na gajeren lokaci. Wato zakarun kaɗan ne, kuma gane su tun da wuri yana da wuya. Wanda ya sayi duka ba zai rasa su ba.

Warren Buffett ya gwada wannan a fili. Ya sa dala miliyan ɗaya cewa asusun S&P 500 mai arha zai doke asusun ƙwararrun da kamfanin Protégé Partners ya zaɓa, daga 2008 zuwa 2017. Nasa ya ba da kusan kashi 7 a shekara, nasu kusan kashi 2.

Amurka ba ita ce duniya ba

Muna kallon tarihin ƙasar da ta yi nasara ne. A Japan, ma'aunin Nikkei 225 ya kai ƙololuwa a Disamba 1989, bai sake taka wurin ba sai Fabrairu 2024, shekara 34. Masu hannun jari a Rasha sun rasa komai bayan juyin 1917, haka na Sin bayan 1949. A 1900 babu wanda ya san wace kasuwa ce za ta tsira.

Ga mai karatu a Kano ko Maraɗi akwai ƙarin abubuwa biyu. Duk waɗannan alƙaluman da dala aka auna su, don haka canjin kuɗi da haraji da ladan dillali za su sauya abin da zai shigo hannunka. Sannan S&P 500 ya ƙunshi bankunan ruwa da kamfanonin giya da caca; masu kiyaye wannan sukan nemi ma'aunan da aka tace bisa shari'a, waɗanda ribarsu ba lallai ta yi daidai da ta wancan ba.

Saboda haka kafin ka tambayi nawa za ka samu, fara tambayar kanka: in na wayi gari rabin kuɗin nan sun tafi, kuma suka ɗauki shekara biyar ba su dawo ba, zan iya barinsu? Kuɗin makarantar yara ko na hayar baɗi ba nan ne wurinsu ba.