Waɗanda Suka Goya Fasahar Bidiyo a Amurka: Malamai da Masu Kula da Taska, 1969 zuwa 1976

Idan ana tarihin fasahar bidiyo, watau amfani da kyamara da faifan maganaɗisu don aikin hikima, ba don ciniki ko labarun gidan talabijin ba, sunan da akan fara ambata shi ne Nam June Paik, mutumin Koriya wanda ya nuna akwatunan talabijin da ya jirkita musu hoto a Wuppertal ta Jamus cikin 1963. Wannan daidai ne. Amma abin da wannan takarda za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne cewa mai fasaha shi kaɗai ba zai iya tsayar da irin wannan sana'a ba. Akwai waɗansu mutane, malaman jami'a da masu kula da taskokin zane da dillalan hotuna, waɗanda suka karkatar da rayuwarsu ta aiki domin ta, kuma a ganina su ne dalilin da ya sa abin bai mutu a goye ba.

Da farko ya kamata mu fahimci matsalar. Cikin 1967 kamfanin Sony ya fito da na'urar da aka yi wa laƙabi Portapak, kyamara da akwatin ɗauka wanda mutum guda zai iya ratayawa a kafaɗa. Faifanta rabin inci ne a fāɗi, hotonta baƙi da fari, kuma ba ta wuce kamar minti ashirin. Kafin wannan, ɗaukar hoton talabijin aikin manyan gidaje ne masu injiniyoyi. To, an sami kyamara, amma sauran abubuwa uku ba a same su ba: wurin tace faifai, wurin nuna shi, da hanyar sayar da shi. Mai zanen fenti yana da hoto guda tak, attajiri ya saya ya rataye. Faifan bidiyo kuwa ana iya kwafarsa sau ɗari, saboda haka masu tara kayan fasaha ba su ga abin saye a cikinsa ba. Gidajen talabijin kuma suka ce ingancinsa bai kai na watsawa ba.

Wanda ya fara gane wannan sarai shi ne Howard Wise. Shi ba mai zane ba ne; ɗan kasuwa ne da ya yi shekaru yana tafiyar da kamfanin fenti a Cleveland, sa'an nan ya buɗe ɗakin nunin zane a birnin New York cikin 1960. A 1969 ya shirya nunin da aka keɓe wa talabijin a matsayin kayan aikin hikima, Paik na cikin waɗanda suka shiga. Shekara guda bayan haka ya rufe ɗakin nunin nasa, abin da ba a saba gani ba ga dillalin da kasuwarsa ke tafiya, kuma cikin 1971 ya kafa Electronic Arts Intermix, ƙungiyar da ba ta neman riba. Cikin ayyukanta na farko akwai samar da injunan tace faifai a kan kuɗi kaɗan. A 1973 ta fara rarraba faifai haya ga makarantu da ɗakunan karatu da gidajen tarihi, ana raba kuɗin da mai aikin. Wannan tsari na haya shi ne amsar matsalar kwafi: tun da ba za a iya sayar da faifai a matsayin abu guda tilo ba, sai a mai da yawan kwafinsa ya zama riba.

A shekarar 1971 ɗin dai, Steina da mijinta Woody Vasulka suka buɗe wurin nuni a tsohon madafin wani otal a New York, shi ya sa aka kira wurin The Kitchen. Ita mai goge ce daga Aisland, shi kuma ya koyi aikin silima a Chekoslobakiya. Su masu fasaha ne, amma da suka rasa inda za su nuna aikinsu sai suka zama masu shirya nunin aikin waɗansu. Cikin 1973 suka koma Buffalo suka zama malamai, a cibiyar nazarin kafofin watsa labarai wadda Gerald O'Grady ya kafa a jami'ar jihar. Shi O'Grady karatunsa na asali adabin Turanci ne na zamanin dā. Wannan sauye-sauyen aiki, yau mai fasaha, gobe mai shirya nuni, jibi malami, shi ne halin kusan dukan mutanen da muke magana a kansu, domin babu makarantar da ta horar da su, su ne suka ƙago aikin yayin da suke yin sa.

Haka Ralph Hocking, malami a Binghamton, ya kafa Experimental Television Center cikin 1971, inda mai fasaha zai zo ya yi 'yan kwanaki yana aiki da injunan sarrafa hoto waɗanda ba shi da halin saye. Wannan shiri ya ɗore har 2011. Ba a ɓoye yake ba cewa yawancin waɗannan wurare a jihar New York suke. Dalilin kuwa kuɗi ne, don majalisar kula da fasaha ta jihar ta fara tallafa wa aikin bidiyo tun daga 1970, Gidauniyar Rockefeller kuma ta kama mata.

Ta wajen gidajen tarihi, David Ross ya zama mai kula da sashen bidiyo a gidan Everson da ke Syracuse cikin 1971, yana saurayi bai daɗe da gama jami'a ba, muƙamin da ake ɗauka shi ne irinsa na farko a ƙasar. Daga baya ya shugabanci gidan Whitney daga 1991 zuwa 1998. Bill Viola, wanda ya yi suna ƙwarai a wannan fage, ya taɓa aikin haɗa wayoyi da na'urori a Everson yana ɗalibi. Barbara London ta kafa shirin bidiyo a gidan fasahar zamani na New York, ta kuma zauna a can har 2013.

Amma waɗanda na fi so mu tsaya a kansu su ne Lyn Blumenthal da Kate Horsfield. Cikin 1974 suka fara ɗaukar hira da mata masu fasaha, irin su Agnes Martin, saboda sun lura littattafan tarihin zane ba su cika kula da mata ba. A 1976 suka kafa Video Data Bank a makarantar fasaha ta Shikago. Abin lura a nan shi ne taskar ta tsiro ne daga bukatar aji: ɗalibai suna son su ji mai aiki yana bayanin aikinsa da bakinsa, malamai kuma suna son abin da za su nuna. Blumenthal ta rasu a 1988, Horsfield ta ci gaba da shugabanci har 2006. Mu da muke horar da malamai ya kamata mu dubi wannan da kyau, domin kayan koyarwa ne suka rikiɗe suka zama taskar tarihi.

Saura batun adanawa, wanda ba wanda ya yi tunaninsa a farko. Faifan maganaɗisu yana da wani danƙo da ke riƙe ƙurar ƙarfen da hoton yake ciki. In ya sha danshi shekara da shekaru sai danƙon ya narke, faifan ya manne, har sai an ɗumama shi a hankali kafin a iya kwafe shi. Ga shi kuma an daina ƙera injunan rabin inci. Ta haka masu rarrabawa suka wayi gari sun zama masu ceto, kuma cikin 1995 taskar Shikago ta fitar da tarin ayyukan shekaru goma na farko bayan an gyara faifayen. A nan ne maganar ta taɓo mu kai tsaye. Finafinan bidiyo na Hausa, tun daga Turmin Danya na 1990 a Kano, ba irin waɗancan ba ne a manufa, don na kasuwa ne, amma a kan kaset na maganaɗisu aka ɗauki na farkon, kuma zafi da ƙura da damina ba su san bambancin manufa ba. Taron masana da aka yi a Kano cikin 2003 a kan waɗannan finafinai ya samar da rubutu mai yawa game da su. Rubutu dai ba ya maye gurbin kaset ɗin kansa in ya manne.