Qingdao 2008: Tseren da jan ruwa ya fi iska ƙarfi

Kafin gasar Olympics ta 2008, yawancin ƴan wasa na neman ƙarin ƙarfi ne. Masu tseren ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska kuwa, da yawansu rage cin abinci suka yi. Dalili shi ne wurin da aka kai su: birnin Qingdao da ke gaɓar teku a gabashin China, inda aka san iska ba ta da ƙarfi a watan Agusta, ruwa kuma na ja sosai.

Waɗannan jirage ba su da inji. Ƙyalle ne ake ɗaurawa a jikin doguwar sanda, iska ta hura shi, jirgi ya tafi. Samfurin Laser, mai ɗaukar mutum ɗaya, tsawonsa mita 4.2 ne, nauyin gangar jikinsa kuma bai kai kilo 60 ba. A irin wannan jirgi, idan iska ta yi sanyi, kowane kilo na jikin matuƙi kaya ne.

Babbar matsalar dai tana ƙarƙashin jirgin. Sau biyu a rana teku ke cikowa ya kuma janye, saboda jan da wata ke yi masa, kuma duk lokacin da hakan ke faruwa ruwan kansa tafiya yake. Idan iska na tura jirgi da gudun kilomita 4 a awa, ruwa kuma na komawa baya da kilomita 3, abin da matuƙi ya ci a awa guda kilomita 1 ne kacal. Iskar ta ƙara raguwa kaɗan, sai ya ga kan jirginsa na kallon gaba amma gaɓar teku na nuna masa baya yake yi.

Shi ya sa kafin a fara tsere masu horarwa kan jefa wani abu mai yawo a ruwa kusa da alamar da aka kafa, su ƙirga nisan da ya yi cikin minti ɗaya. A wurin da ruwa ba shi da zurfi, kusa da gaɓa, jan yakan ragu, don haka mai tafiya gaba da ruwa can yake raɓewa ko da hanyar ta fi tsawo. Layin tashi ma tarko ne: ruwa na iya tura jirgi ya haye layi kafin a busa, dole ya dawo ya sake tashi. Wanda ruwa ya manna da alamar kwana kuwa sai ya yi juyi ɗaya na tara.

A cikin jirgin, matuƙi kan matsa gaba ya duƙa don bayan jirgin ya ɗaga daga ruwa, ya ɗan karkatar da shi domin ƙyallen ya riƙe siffarsa, sannan ya daina motsi. Akwai jarabar girgiza jirgi ko fizgar ƙyalle don samun gudu, amma doka ta 42 ta hana, alƙalai kuma na biye a cikin jirgi mai inji da tuta ruwan ɗorawa. Kamun farko juyi biyu ne, wanda a rana marar iska kan ci lokaci mai yawa.

Qingdao ta zo da wasu abubuwan. Makonni kafin gasar gansakuka ta rufe wani ɓangare na filin tseren, sai da dubban mutane da jirage suka kwashe ta. Da aka zo tseren ƙarshe na ajin Finn, rashin iska ya sa aka ɗage shi. Washegari sai ga guguwa da ruwan sama, ga ƴan wasan da suka rame don iska marar ƙarfi. Ben Ainslie na Birtaniya ya ci zinare a ranar.

A ajin 49er abin ya fi muni. Sandar jirgin ƴan Denmark, Jonas Warrer da Martin Kirketerp, ta karye kafin a fara. Suka ari jirgin ƴan Croatia, suka tashi a makare, abokan hamayyarsu suka yi ta kifewa, su kuma suka kammala da makin da ya ba su zinare. Ƴan Sifaniya sun kai ƙara kan aron jirgin, amma ba a sauya sakamakon ba.