Wa Ake Yi Wa Tafi In Jirgi Ya Sauka?

Wata yammaciya ce a farkon damina muka taso daga Kano za mu Abuja, tafiyar da ba ta cika cin awa guda ba. Muna gab da isa, har an ce kowa ya ɗaura bel, sai ga hadari baƙi ƙirin ya tare mana gaba. Jirgi ya shiga gargada kamar motar da ta hau hanyar da ruwa ya cinye. Ta taga ina hango rufin kwano da jar ƙasa suna matsowa, na ji ƙarar fitowar tayoyi, na ce a raina an zo ke nan. Kwatsam sai injina suka yi ruri, hancin jirgi ya ɗaga, muka koma cikin gajimare. Nan fa cikin kowa ya ɗuri ruwa. Wata dattijuwa da ke gefena ta damƙe hannun kujera da hagu, carbi a dama, bakinta bai daina salati ba. Can bayanmu wata mata na ta kiran sunan Yesu.

Jim kaɗan matuƙi ya yi magana cikin natsuwa, ya ce iskar da ke kan titin ba ta kwanta masa ba, za mu zaga mu sake gwadawa. Da muka dawo karo na biyu, tayoyi suka daki ƙasa da ɗan ƙarfi, birki ya kama, sai tafi ya ɓarke daga kujerun baya har ya iso gaba. Wani ya yi kabbara, aka amsa masa. Dattijuwar ta shafa fuskarta ta dube ni.

"Ɗan nan, mun sauka ke nan?"

"Mun sauka, Hajiya. Sannu."

"Alhamdu lillahi. Allah ya yi wa direban nan albarka."

Wani matashi mai kwat a ɗaya ɓangaren ya ja tsaki, ya ce da na kusa da shi, "Ƙauyanci kawai. Aikinsa fa ya yi." Maganar nan tasa ta daɗe tana yi mini yawo a ka, domin na sha jin irinta a bakin waɗanda jirgi ya zame wa kamar motar haya. Ina ganin bai yi wa mutane adalci ba.

Da farko dai, ba mu kaɗai ke yi ba. An san fasinjoji da wannan tafi a jiragen da ke sauka a Puwato Riko da Jamhuriyar Dominika, ana yi a Italiya da Rasha da Isra'ila. Abin da aka lura da shi a ko'ina shi ne, ɗan kasuwar da ke hawa jirgi duk mako ba ya yi. Masu yi su ne waɗanda suka daɗe rabonsu da gida, da waɗanda ba su saba ba, da duk wanda ya sha jijjiga a sama. A wurinmu sai a ƙara da jirgin alhazai, da irin jiragen da suka kwaso ɗalibanmu da yaƙin Sudan ya rutsa da su, suka sauke su a Abuja a watan Mayun 2023 bayan sun kwashe kwanaki a bakin iyakar Masar. Wa zai dubi waɗannan ya ce su rage murna?

Sai dai Bahaushe yana da nasa salon. A al'adarmu tafi ya fi zama a hannun 'yan mata a dandali, wajen gaɗa da amshi, kuma da wuya a ga dattijo da rawaninsa yana tafa hannu. Malamai ma sun yi magana a kai. Masu ƙyamar sa kan kawo ayar nan ta Suratul Anfali da ta nuna cewa ibadar mushirikan Makka a wajen Ka'aba fito ce da tafi, su ƙara da hadisin da ya koyar cewa in liman ya yi mantuwa maza tasbihi za su yi, mata su tafa. Wasu malaman kuwa sun ce abin da aka hana shi ne a mayar da tafi ibada, amma a matsayin al'adar yabawa babu laifi. Shi ya sa jirgin da ya taso daga Sakkwato ko Maiduguri hamdala da kabbara suka fi yawa a cikinsa in ya sauka, na Legas ko Fatakwal kuma tafi ya fi ƙara. Numfashi ɗaya ne ake saukewa. Mu da ba ma barin mutum ya fita ko zuwa Kaduna sai mun ce masa "Allah ya kiyaye hanya, a sauka lafiya", kuma da isarsa ya ciro waya ya ce "mun sauka", ba mu taɓa ɗaukar isa lafiya a matsayin abin da aka riga aka biya kuɗinsa ba.

Kuma muna da dalili. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Matashin nan mai kwat ƙila yana firamare lokacin da ƙasar nan ta shiga wata goma sha biyu na makoki, aka yi hatsarin jirage uku, kuma duk ukun da Abuja a cikinsu. Ran 22 ga Oktoban 2005 jirgin Bellview ya taso daga Legas zai zo Abuja, ya faɗi a ƙauyen Lisa ta Jihar Ogun da mutum 117, babu wanda ya fita. Ran 10 ga Disamba na shekarar, jirgin Sosoliso ya tashi daga Abuja ya tarwatse wajen sauka a Fatakwal. Mutum 108 suka rasu, 60 daga ciki ɗaliban makarantar Loyola Jesuit ne da ke Gidan Mangoro a nan Abuja, suna tafiya hutu, iyayensu na tsaye a filin jirgi suna jiran su. Sai ran Lahadi 29 ga Oktoban 2006, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Sallah, jirgin ADC mai zuwa Sakkwato ya ɗaga daga titin filin Nnamdi Azikiwe, bai yi nisa ba ya faɗo a gonakin Tungar Madaki. Cikin mutum 105, tara kawai suka tsira. A ciki aka rasa Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido da ɗansa Sanata Badamasi Maccido. Duk wanda ke Arewa ran nan yana tuna inda yake zaune lokacin da rediyo ya faɗa. Bayan kusan shekara shida, ran 3 ga Yunin 2012, jirgin Dana da ya tashi daga Abuja ya faɗa kan gidaje a Iju-Ishaga ta Legas da mutum 153 a cikinsa.

Tsofaffi irin Hajiyar nan ta gefena nasu tunanin ya fi wannan nisa. Suna sane da jirgin da ya faɗa Gwammaja a Kano a watan Mayun 2002. Suna sane da jirgin alhazan da ya kama wuta bayan tashi daga Jidda a watan Yulin 1991 yana nufin Sakkwato, mutum 261 suka tafi. Wasu ma sun ga 22 ga Janairun 1973, ranar da jirgin alhazai ya yi hatsari wajen sauka a Kano cikin hazo, aka rasa mutum 176. Wanda ke ɗauke da wannan a ƙirjinsa, in ya ji taya ta taɓa ƙasa ya tafa ko ya yi hamdala, ya san abin da yake yi wa godiya.

Ilimin harkar jirage ma yana bayansa. Ƙididdigar da kamfanin Boeing ke fitarwa duk shekara ta daɗe tana nuna cewa gangarowar ƙarshe da sauka 'yan mintoci ne kawai cikin tafiya, amma a nan ake samun kusan rabin hatsarin da ke cin rai. Saboda haka ne doka ta hana matuƙa hira ko wani abu da bai shafi tuƙi ba da zarar jirgi ya yi ƙasa da ƙafa 10,000. Jikin fasinja yana gane wannan ko ba a gaya masa ba.

Akwai abubuwa kaɗan da mai tafi ya kamata ya sani. Galibi matuƙi ba ya jin sa. Tun bayan harin 11 ga Satumban 2001 a Amurka ƙofar ɗakin tuƙi ta zama mai kauri, a kulle, shi kuma da na'ura a kunne yana karɓar umarnin masu hasumiya. Sannan saukar da ta fi laushi ba lallai ita ta fi kyau ba. In titi ya jiƙe, da gangan matuƙi kan ajiye jirgi da ɗan ƙarfi don taya ta keta ruwa ta kama kwalta, kada ta yi ta sulɓi a kansa. Dukan ƙasar da muka ji ran nan gwaninta ce. Kuma taɓa ƙasa ba ita ce ƙarshen aiki ba, don a lokacin jirgi na gudun da ya zarce kilomita 200 a awa. A watan Mayun 2023 wani jirgi da ya taso daga Yola ya samu matsalar tayoyi a kan titin Abuja bayan ya riga ya sauka, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Abin takaici, sau da yawa hannun da ya gama tafi shi ne ke kwance bel nan take, mutum ya miƙe yana jawo jaka daga sama jirgi na tafiya, ma'aikaciya na roƙo, "Don Allah a zauna."

To amma abin da ya fi damuna daban ne. Ran nan babu wanda ya tafa lokacin da matuƙi ya fasa sauka ya koma sama. Salati muka yi, wasu har da guna-guni. Alhali in akwai abin da ya cancanci yabo a tafiyar, wannan ne. Rahoton binciken hatsarin Sosoliso ya nuna cewa matuƙa sun ci gaba da gangarowa cikin ruwa da iska har suka wuce matakin da ya wajaba su fasa, ba tare da sun hangi titin ba, kuma da suka yi niyyar komawa sama lokaci ya ƙure. Na ADC kuma ya nuna an yanke shawarar tashi ne cikin mummunan yanayi da aka san da shi, jirgin ya faɗa cikin irin iskar nan mai sauya ƙarfi da alƙibla farat ɗaya, aka kasa fitar da shi. A duka biyun, da an ce "a dakata", da wataƙila ba mu san sunayen waɗannan jirage ba a yau. Fasinjoji za su yi fushi, wani ya rasa taro, wani ya rasa ɗaurin aure, a koma gida ana mita.

A je zauren jiran jirgi na Abuja a watan Disamba ko Janairu, lokacin da hazo ya rufe Kano da Sakkwato da Yola har ba a hangen nesa. Da an sanar cewa an ɗage tashi, sai a ga manyan mutane da manyan riguna sun yi wa wata yarinya mai aikin kanta ca, ana buga tebur. Na taɓa jin wani yana cewa, "Ai wancan kamfanin ya tashi, ku me ya hana ku?" Ban ce duk jinkiri na yanayi ba ne. Kamfanoninmu na da nasu laifin, sukan fake da "dalilan aiki" su bar mutane awa biyar babu bayani babu ko ruwan sha, kuma hukumar NCAA tana da ƙa'idojin haƙƙin fasinja da ya kamata kowa ya sani ya nemi haƙƙinsa da su. Amma in dai hadari ne ko hazo, matuƙin da ya ƙi tashi da ranka ya yi maka abin da ya fi sauka mai laushi sau dubu, kuma matsin lambar da muke yi tana isa kunnen kamfani, daga nan ta isa kansa.

Shekaru fiye da goma ke nan Nijeriya ba ta sake ganin babban jirgin fasinja ya faɗi irin na wancan lokacin ba. Kiyayewar Allah ce, kuma ta biyo ta hannun mutane. Bayan makokin 2005 da 2006 an yi sabuwar dokar sufurin jiragen sama a 2006 wadda ta ƙarfafa NCAA, aka tilasta wa kamfanoni ƙara jari a 2007, waɗanda suka gaza suka rufe. Akwai masu hasumiya na NAMA da ke raba jirage a sararin sama, da masu hasashen yanayi na NiMet, da makanikan da ke zagaya jirgi da tocila kafin asuba, da 'yan kwana-kwanan FAAN da ke zaune cikin shiri ranar da ba a buƙace su ba. Akwai kuma shawarar da ba ta yi wa kowa daɗi ba a 2017, lokacin da Hadi Sirika yake ƙaramin ministan sufurin jiragen sama: titin Abuja, wanda shi kaɗai ne filin ke da shi, ya lalace har ya zama barazana, aka rufe filin mako shida daga 8 ga Maris, aka mayar da jirage Kaduna, mutane na bin mota da jirgin ƙasa suna ƙorafi. Kamfanin Julius Berger ya gama gyaran, jirgin Ethiopian Airlines ya fara sauka ran 18 ga Afrilu. Waɗanda suka kwana suna zuba kwaltar nan ba su taɓa jin tafin kowa ba, kuma a kanta tayoyinmu suka kama ran nan cikin ruwa.

Da muka zo fita, Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa duk da layin da ke bayanta, ta ce da ma'aikaciyar da ke sallamar mutane, "'Yata, ki ce da direba na gode, Allah ya raya masa zuri'a." Yarinyar ta yi murmushi ta ce za ta gaya masa. Wannan saƙon na tabbata ya fi tafinmu kusa da isa ɗakin tuƙi.

Don haka mai tafi ya tafa, mai kabbara ya yi, babu ƙauyanci a ciki. Roƙona ga mai karatu shi ne ya bar bel ɗinsa a ɗaure har fitilar ta mutu, ya ce wa ma'aikatan "sannunku da aiki" a bakin ƙofa, kuma ranar da aka ce masa ba za a tashi ba saboda hadari ko hazo, ya tuna Tungar Madaki kafin ya ɗaga murya. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya sauke matafiyanmu lafiya.