Kunnen Ɗan Adam da Rigingimun Mallakar Fasahar Ɗaukar Sauti

Duk wanda ya san Tudun Wadar Zariya a shekarun 1980 da na 1990 ba zai manta da rumfunan masu sayar da kaset ba. Nan ka ji kalangun Alhaji Mamman Shata, can ka ji tafsirin watan azumi, gaba kaɗan kuma kuntigin Ɗanmaraya Jos. A jikin wasu rikododin da ake juya kaset ɗin akwai wata 'yar alama ta harafin D guda biyu, ɗaya na kallon dama, ɗaya na kallon hagu. Wannan alama shaida ce cewa kamfanin da ya ƙera rikodar ya biya kuɗi kafin a ba shi izinin amfani da dabarar wani mutum. Abin da wannan maƙala za ta bayyana shi ne yadda aka samo dabarar daga nazarin kunnen ɗan Adam, da kuma yadda mallakarta ta zama dukiya, wani lokaci ma ta zama abin shari'a.

Mece ce takardar mallakar ƙirƙira?

Takardar mallakar ƙirƙira alkawari ce tsakanin hukuma da maƙirƙiri. Shi zai bayyana sirrin dabararsa a rubuce, ita kuwa hukuma ta hana kowa ƙera abin ko sayar da shi ba da izininsa ba, har zuwa wani wa'adi. Izinin shi ne lasisi, kuɗin da ake biya kuwa tamkar la'ada ce. A Nijeriya, dokar da aka kafa a 1970 ta yanka wa'adin shekara 20 daga ranar da aka shigar da takardar nema. Sai ƙirƙirar ta cika sharuɗɗa uku: ta kasance sabuwa, ta fito daga ƙoƙarin tunani, sannan a iya amfani da ita a masana'anta. Dokar ta kuma faɗa ƙarara cewa ƙa'idojin kimiyya da abubuwan da masana suka gano game da halitta ba ƙirƙira ba ne. Kada a rikita wannan da haƙƙin mallakar mawaƙi a kan waƙarsa ko marubuci a kan littafinsa, domin wannan dokarsa daban ce.

Abin da kunne ba ya ji

Idan sauti ya shiga kunne yakan kaɗa fatar nan da muke kira dodon kunne. Daga nan wasu ƙananan ƙasusuwa guda uku su miƙa kaɗawar zuwa wata gaɓa mai cike da ruwa, wadda take nannaɗe kamar katantanwa. A cikinta akwai wani tantani mai ɗauke da ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi, waɗanda ke aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Siririn sauti yana kaɗa tantanin ta wajen gindin katantanwar, kakkauran sauti kuwa ta wajen ƙarshenta. Georg von Békésy, ɗan asalin ƙasar Hungari, shi ya tabbatar da haka, har ya samu kyautar Nobel a 1961. Lafiyayyen kunnen matashi yana jin sautin da ke kaɗawa daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya.

Sai dai kunne yana da wani rauni. Kukan sauron da ke hana ka barci cikin dare, da zarar maƙwabci ya tayar da janareta ba ka ƙara jinsa, alhali sauron bai daina ba. Sauti mai ƙarfi yakan mamaye wurinsa a kan tantanin har ya malala zuwa kewayensa, sai ya danne raunanan sautin da ke kusa da shi. Wasu masana biyu, Wegel da Lane, sun auna wannan dannewa a Amurka tun 1924. Wannan ilimi ba na kowa ba ne, domin haka Allah ya halicci kunne. Amma na'urar da aka ƙera don cin moriyarsa tana iya zama ta wani.

Kaset: kyautar da ta cika duniya

Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da ƙaramin kaset a 1963, ƙarƙashin jagorancin injiniya Lou Ottens. Da farko kamfanin ya so a riƙa biyansa la'ada, amma kamfanin Sony na Japan ya nuna cewa zai koma wa wani samfurin kaset na abokan hamayya. Sai Philips ya amince kowa ya ƙera kyauta, muddin zai bi ma'auninsa. Dalili ke nan da ya sa kaset ɗin da aka ɗauka a Kano yake juyawa a kowace rikoda a Maraɗi ko Kumasi, ko wane kamfani ne ya ƙera ta. Da kowane kamfani ya tsaya kan nasa samfurin, da wuya kaset ya yi arhar da ta kai shi hannun talaka.

Amma kaset yana da cuta. Zarensa an shafe shi ne da garin tsatsar ƙarfe mai karɓar maganaɗisu, faɗinsa milimita 3.81 ne kacal, kuma yana tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa, alhali zaren manyan ɗakunan ɗaukar sauti kan yi santimita 38. Saboda haka sai a riƙa jin wani huci kamar na maciji a duk inda waƙa ta yi sanyi.

Dabarar Dolby

Ray Dolby, injiniya ɗan Amurka, ya kafa kamfaninsa a Landan a 1965. Na'urarsa ta farko, Dolby A, ta ƙwararru ce, kuma kamfanin faifai na Decca ne ya fara saye. A 1968 ya fito da Dolby B don rikododin gida. Ga yadda take aiki: lokacin ɗauka, na'urar takan ƙara wa siraran sautuka marasa ƙarfi ƙarfi. Lokacin saurare sai ta rage su daidai yadda ta ƙara, hucin zaren kuwa ya ragu tare da su, da kimanin desibal 10. Inda kiɗa ya yi ƙarfi ba ta taɓawa, domin shi da kansa yana danne hucin, kamar yadda janareta ya danne sauro.

Hikimar Dolby a kasuwanci ba ta gaza ta kimiyyarsa ba. Na'urorin ƙwararru shi yake ƙerawa ya sayar da kansa. Na gida kuwa sai ya ba kamfanoni lasisi a kan la'ada kaɗan, bisa sharaɗin su cika ma'aunin inganci kafin su manna alamarsa. Da yake kuɗin ba shi da nauyi, biya ya fi wa kamfanoni sauƙi a kan jayayya.

MP3: inda aka kai ga kotu

Waƙoƙin da ake tura wa mutane a waya yanzu a Tudun Wada, galibinsu a tsarin MP3 suke. Masana a cibiyar Fraunhofer da ke Erlangen a Jamus, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, su ne kan gaba wajen samar da shi, aka kuma fitar da shi a matsayin ma'aunin duniya a 1993. Shi ma da raunin kunne yake aiki: kwamfuta takan lissafa sautukan da za a danne, ta rage kula da su ko ta zubar da su. Da haka waƙar faifan CD takan ƙanƙance kusan ninki 11.

Matsalar ita ce hannaye da yawa ne suka taɓa aikin, kowa kuma da takardarsa. Kamfanin Microsoft ya biya Fraunhofer dala miliyan 16 don lasisi, amma duk da haka kamfanin Alcatel-Lucent ya kai shi ƙara, yana cewa akwai takardunsa biyu da aka taka. A watan Fabrairun 2007 masu taimaka wa alƙali a San Diego suka ce Microsoft ya biya dala biliyan 1.52. A watan Agusta alƙalin ya soke hukuncin, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta goyi bayansa a 2008. Daga ƙarshe wa'adi ne ya raba gardama: takardun suka ƙare, aka rufe shirin karɓar kuɗin lasisin a ranar 23 ga Afrilun 2017. Yau kowa na iya amfani da MP3 ba tare da biyan ko kwabo ba.

Darasi ga ɗalibai da malamai

Mun ga hanyoyi uku: Philips ya bayar kyauta, Dolby ya sayar da arha, masu MP3 kuwa suka ci riba tare da shan shari'a. Mu a nan mun kasance masu saye ne kawai, kuma kuɗin lasisin yana cikin farashin kayan da muka saya. Tun 1979 Nijeriya ta kafa hukumar da yanzu ake kira NOTAP, mai rajistar yarjejeniyoyin shigo da fasaha, wadda kuma take taimaka wa masu bincike su yi rajistar abin da suka ƙirƙiro.

Saboda haka ɗalibin da ke harhaɗa na'ura a ƙungiyar JETS ta makarantarsu ya riƙe abu biyu. Na farko, ya riƙa rubuta aikinsa da kwanan wata, kuma malaminsa ya nema masa shawarar lauya kafin a baza bayanin ga jama'a, domin abin da aka riga aka wallafa ya daina zama sabo a idon doka. Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello tana nan Kongo, ba nisa. Na biyu, tsofaffin takardun da wa'adinsu ya ƙare, har da na Dolby, suna nan a intanet da zane-zanensu, halal ne ga mai son koyo. Wanda ya fahimci darasin kunne a ajin nazarin halittu ya riga ya riƙe mabuɗin karanta su.