Siffofin Samfurin Sauti a Direban Kwamfuta da Tasirinsu ga Nazarin Furuci

1.0 Gabatarwa

A yau mafi yawan masu nazarin furuci da tsarin sauti na harsunan Nijeriya suna ɗaukar maganar masu harshe ne da kwamfuta ko da wayar hannu, sannan su auna ta da manhaja irin Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙiro a Jami'ar Amstadam. Tsakanin bakin mai magana da allon mai nazari akwai wata ƙaramar manhaja da ba a cika kula da ita ba, wato direban sauti. Shi ne ɓangaren babbar manhajar kwamfuta da ke karɓar lambobi daga katin sauti ya miƙa wa manhajar ɗaukar magana, ko kuma ya karɓa daga manhaja ya miƙa wa kati. Wannan maƙala ta yi bayani a kan siffofin da waɗannan lambobi suke zuwa da su, da yadda direba yake sarrafa su, da kuma ɓarnar da kuskure a wannan mataki yake yi wa awon karin sauti da tsawon wasali da baƙaƙe.

2.0 Ma'anar Samfurin Sauti

Sauti girgizar iska ne. Makirufo yana mayar da girgizar ta zama wutar lantarki mai hawa da sauka, katin sauti kuma yana auna ƙarfin wutar sau dubbai a kowace daƙiƙa. Kowane awo guda shi ake kira samfuri, kuma lamba ce kawai. Alec Reeves, injiniya ɗan Ingila, shi ya fito da wannan dabara a 1937. Sai dai lambobin ba sa ɗauke da bayanin kansu. Kafin su zama sauti, dole mai karanta su ya san abubuwa biyar.

2.1 Yawan Samfuri a Daƙiƙa

Bisa ƙa'idar da ake dangantawa da Harry Nyquist (1928) da Claude Shannon (1949), ba a iya kama girgizar da ta wuce rabin yawan samfurin da aka ɗiba. Kunnen ɗan'adam yana jin girgiza daga kimanin 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, shi ya sa faifan CD da Sony da Philips suka fitar a 1982 yake amfani da samfuri 44,100. Kaset ɗin DAT na 1987 da na'urorin bidiyo sun fi amfani da 48,000. Layin tarho kuwa 8,000 yake ɗiba.

2.2 Faɗin Samfuri

Faɗi shi ne yawan bit da aka ware wa kowane samfuri. Bit 8 yana ba da matakai 256, bit 16 yana ba da 65,536, bit 24 kuma 16,777,216. Kowane bit yana ƙara kimanin desibel 6 a tazarar da ke tsakanin sauti mafi ƙarfi da hayaniyar awo. Ke nan bit 8 yana da kimanin desibel 48, bit 16 yana da 96, bit 24 kuma 144 a lissafi.

2.3 Matsayin Shiru

A wasu siffofi lambobi suna farawa daga sifili zuwa sama, shiru kuma yana tsakiya. A fayil ɗin WAV mai bit 8, alal misali, lambobin daga 0 zuwa 255 ne, shiru yana kan 128. A WAV mai bit 16 kuwa, lambobin daga -32,768 zuwa 32,767 ne, shiru yana kan 0. Akwai kuma siffa mai ɗigo, inda ake rubuta samfuri tsakanin -1.0 da 1.0 cikin bit 32.

2.4 Jerin Bayit

Samfuri mai bit 16 yana cin bayit biyu, don haka dole a san wanda ya fara zuwa. WAV, wanda Microsoft da IBM suka fitar a 1991, ƙaramin bayit yake gabatarwa. AIFF na kamfanin Apple (1988) da AU na kamfanin Sun babban bayit suke gabatarwa.

2.5 Yawan Hanyoyi

Sauti yana iya zama mai hanya ɗaya ko biyu ko fiye. A mai hanya biyu yawanci akan jera samfurin hagu, sai na dama, sai na hagu, haka har ƙarshe. Samfuran da aka ɗiba a lokaci guda daga duk hanyoyin su ne jeri ɗaya. Faifan CD yana da bayit 4 a kowane jeri, wato bayit 176,400 a daƙiƙa.

Bayan waɗannan biyar akwai siffofin tarho da ma'aunin G.711 na 1972 ya tsara, wato mu-law na Amurka da Japan, da A-law na Turai da sauran ƙasashe. A cikinsu matakan ba daidai suke da juna ba: suna da kusanci a sauti mai rauni, suna da tazara a sauti mai ƙarfi. Saboda haka ba a karanta su kai tsaye sai da jadawalin fassara.

3.0 Aikin Direba

3.1 Daidaitawa

Aikin farko na direba shi ne sasanta abin da manhaja take so da abin da kati yake iyawa. Katin Sound Blaster na 1989 bit 8 kawai yake iyawa, sai a 1992 Sound Blaster 16 ya zo da bit 16. Ma'aunin AC'97 da Intel ya fitar a 1997 ya wajabta 48,000 ne kawai, sauran yawan samfuri zaɓi ne ga mai ƙera kati. Don haka ba kowace buƙata ce direba yake iya biya ba.

Tsarin OSS, wanda Hannu Savolainen ɗan Finlan ya fara a 1992 don Linux, yana da wata ƙa'ida mai muhimmanci. Idan manhaja ta nemi siffar da kati bai iya ba, direba yana iya zaɓar wata, ya mayar da amsa yana faɗar wadda ya zaɓa. Alhakin duba amsar yana wuyan manhaja. Idan kuwa manhaja ba ta nemi komai ba, /dev/dsp yana buɗewa ne da samfuri 8,000, bit 8, hanya ɗaya.

Tsarin ALSA, wanda Jaroslav Kysela ɗan ƙasar Cek ya fara a 1998, ya maye gurbin OSS a zuciyar Linux daga fitowa ta 2.6 a 2003. Ya ba kowace siffa laƙabi. S16_LE na nufin bit 16, shiru a kan sifili, ƙaramin bayit a gaba. Bit 24 yana da fuska biyu: S24_3LE yana cin bayit uku, S24_LE kuma yana zaune cikin bayit huɗu. ALSA yana da ƙofa biyu. Ƙofar hw tana ba da abin da kati yake iyawa kawai, tana ƙin sauran. Ƙofar plughw tana karɓar buƙatar manhaja, ta yi juyi a ɓoye.

3.2 Juyi

Wasu juye-juyen ba sa ɓata komai. Don mayar da samfurin bit 8 na WAV zuwa bit 16, ana cire 128 ne a ninka da 256:

(1) 128 ya zama 0
(2) 255 ya zama 32,512
(3) 0 ya zama -32,768

Haka nan musanya jerin bayit ba ya rage kome. Abin lura a nan shi ne, faɗaɗa samfuri ba ya ƙara masa inganci. Matakan suna nan 256 ko da an zuba su a mazubi mai bit 16.

Wasu juye-juyen kuwa suna da hasara. Rage bit 24 zuwa 16 yana zubar da bit 8 na ƙasa, kuma akan zuba 'yar hayaniya da gangan kafin ragewar don kada kuskuren awo ya bi sautin ya gurɓata shi. Mayar da siffa mai ɗigo zuwa bit 16 yana datse duk samfurin da ya wuce 1.0. Mafi wahala shi ne sauya yawan samfuri, kamar daga 48,000 zuwa 44,100, domin sai an lissafa sababbin samfura a guraben da ba a taɓa aunawa ba, kuma sai an tace girgizar da ta wuce rabin sabon adadin. Idan ba a tace ba, girgizar sama tana dawowa ƙasa a matsayin sautin da babu shi a bakin mai magana.

A Windows tun daga Vista (2007), da kuma macOS, babbar manhaja tana haɗa sautukan manhajoji daban-daban a siffa mai ɗigo ta bit 32, bisa yawan samfurin da aka saita wa na'urar. Ke nan manhaja tana iya rubuta 96,000 a kan fayil alhali kati 48,000 ya ɗiba, ragowar cike ne na lissafi.

3.3 Ma'ajiyar Wucin Gadi

Kati yana zuba samfura a wata ma'ajiya mai zagaye da direba ya tanada, kuma yana sanar da direba duk lokacin da kashi ɗaya ya cika. A samfuri 48,000, kashi mai jeri 480 daidai yake da milisakan 10. Idan kwamfuta ta shagala da wani aiki, manhaja ba ta kwashe samfuran a kan lokaci ba, sababbi suna hawa kan tsofaffi. Abin da ya salwanta ba ya barin gurbi a fayil. Gaba da baya suna haɗewa kamar ba a rasa kome ba.

4.0 Tasiri ga Nazarin Harshe

4.1 Karin Sauti

A Hausa karin sauti yana bambanta ma'ana, kamar a waɗannan misalai:

(4) bàaba (uba), baabà (uwa), baabaa (rini)
(5) kai (wakilin suna), kâi (sashen jiki)

Idan aka ɗiba magana a 48,000 amma aka karanta ta a matsayin 44,100, kowace girgiza tana sauka da kimanin kashi 8 cikin ɗari. Murya mai girgiza 200 za ta fito kusan 184. Kunne ba lallai ya tsargu ba, domin sama tana nan sama, ƙasa tana nan ƙasa. Matsalar tana bayyana ne idan aka kwatanta wannan fayil da wani da aka ɗauka daidai, kamar a nazarin karin harshen Sakkwato da na Kano, ko na muryar maza da ta mata. Sai mai nazari ya jingina wa masu harshe bambancin da na'ura ta haifar. Harsuna irin su Yarabanci mai matakan kari uku, da Ibo mai saukar kari daki-daki, sun fi fuskantar wannan haɗari, tun da yake awon tazarar matakai da lambobi shi ne ginshiƙin bayaninsu.

4.2 Tsawon Wasali

Wannan kuskure yana kuma miƙe lokaci da kusan kashi 9 cikin ɗari, wato wasali mai milisakan 100 zai fito kusan 109. Salwantar samfura a ma'ajiya kuwa gajartawa take yi. Bambancin gàrii (birni) da gàarii (na tuwo) yana kan tsawon wasalin farko ne, don haka kashi biyu ko uku masu milisakan 10 da suka ɓace a tsakiyar dogon wasali sun isa su karkatar da awo.

4.3 Baƙaƙe

Mafi yawan ƙarfin zuzau /s/ yana sama da girgiza 4,000. Samfuri 8,000 ba ya kama abin da ya wuce 4,000, layin tarho ma yana tsayawa a kimanin 3,400. Saboda haka maganar da aka ɗauka a wannan siffa ba ta dace da kwatanta /s/ da /sh/ da tunkuɗau /ts/ ba. Haka kuma, ziza mai rauni da ake nema a lokacin rufewar haɗiyau /ɓ/ da /ɗ/ tana iya nutsewa cikin hayaniyar awo idan bit 8 aka yi amfani da shi.

4.4 Kurakurai Masu Bayyana

Wasu kurakuran ba sa ɓoyuwa. Idan aka juya jerin bayit, samfurin da darajarsa 1 sai ya zama 256, magana ta koma shuuu mai ƙarfi. Idan aka ɗauki shirun 128 na bit 8 a siffa mai shiru a sifili, sai ya zama -128, wato can ƙarshen ma'auni. Idan aka karanta mai hanya biyu a matsayin mai hanya ɗaya, tsawo yana ninkawa, murya ta sauka da rabi. Irin wannan fayil bai lalace ba. Lambobinsa suna nan lafiya, karatun ne ya kuskure. Sake buɗe shi da siffar da ta dace yana dawo da maganar, don haka bai kamata a goge shi ba.

5.0 Shawarwari

Na farko, mai nazari ya tabbata yawan samfurin da ya zaɓa a manhaja shi ne wanda aka saita wa na'urar a babbar manhaja. Na biyu, ya ɗauki magana a WAV, ya guji siffofi masu matsewa da hasara irin MP3 a matakin ɗauka. Ƙungiyar ma'adanar sauti ta duniya, IASA, ta ba da shawarar kada a gaza samfuri 48,000 da bit 24 ga abin da za a adana. Na uku, ya kashe tace hayaniya da daidaita ƙarfin murya na kai tsaye, domin an yi su ne don hira a waya, kuma suna sauya sautin da ake son aunawa. Na huɗu, a farkon kowane zama ya ɗauki sauti mai sananniyar girgiza, kamar 440, na tsawon daƙiƙa goma daidai. Idan awo ya nuna kusan 404, ko tsawon ya kai kusan daƙiƙa 11, to an sami saɓanin 48,000 da 44,100. Na biyar, ya ajiye fayil na asali ba tare da juyi ba, ya yi aiki da kwafi, ya kuma rubuta na'ura da siffar da aka yi amfani da su.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa samfurin sauti lamba ce da ba ta da ma'ana sai an san yawanta a daƙiƙa, faɗinta, matsayin shirunta, jerin bayit ɗinta da yawan hanyoyinta. An ga yadda direba yake daidaitawa, yake juyawa, yake kuma ajiyewa, da inda hasara take shiga a kowane mataki. An kuma ga cewa kurakuran da kunne ba ya kamawa su ne suka fi cutar da awon karin sauti da tsawon wasali. Ya dace mujallun harsuna su riƙa neman duk wanda ya kawo awon furuci ya bayyana siffar samfurin da ya yi amfani da ita, kamar yadda yake bayyana yawan masu harshen da ya saurara da karin harshensu.